Malaman da ke koyar da ilimin muhalli a jami'a: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Duk shekara in lokacin cike JAMB ya matso, ko an fara rajistar sabbin ɗalibai, tambayoyi kusan iri ɗaya ake ta jefo min, daga ƙanne, daga 'ya'yan maƙwabta, wani lokacin ma iyayen da kansu suke tare ni bayan sallar isha'i, saboda an san muhalli na karanta kuma har yau a cikinsa nake neman abincina. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne su malaman, wai me ya sa kowa da inda ya fito. Shi ne na ce bari in tattara tambayoyin wuri ɗaya in amsa iya abin da na sani.

Yaya, na duba sunayen malamanmu, wannan ɗan jiografi, wancan kemistiri, ga lauya, ga wata tattalin arziki ta karanta. Anya dipatmen ɗin nan ba tsince-tsince aka yi ba?

Ba tsince-tsince ba ne ƙanena, da gangan aka haɗa su, kuma in kana so ka gane dalili ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara ƙanana suka dinga mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, zazzaɓi, amai, jijjiga, sai kuma rasuwa, har aka rasa yara sama da 400. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara lura cewa wannan ya wuce maleriya ko sanƙarau, da aka gwada jini sai ga gubar dalma. To kaga likita ya gano ciwon, amma daga ina dalmar take? Wannan sai masanin duwatsu, shi zai gaya maka cewa dutsen da ake fasawa ana neman zinare a yankin cike yake da dalma. Ta yaya ta shiga jikin yaro ɗan shekara biyu da bai taɓa zuwa ramin haƙa ba? Sai wanda ya san zaman gidajen mutane, don a cikin gida ake daka dutsen, ana niƙa shi da injin niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki. Me ya sa mutane suka duƙufa a kan haƙar a lokacin? Masanin tattalin arziki zai nuna maka yadda farashin zinare ya tashi a duniya a shekarun nan, noma kuma ba ya kawo ko kusa da abin da zinare ke kawowa a mako. Sannan da aka zo gyara sai da injiniyoyi suka kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka zuba sabuwa, don in ka yi wa yaro magani ka mayar da shi gidan da gubar take, aikin banza ka yi. Kuma duk wannan ba zai yiwu ba sai da hakimai da malamai da masu unguwanni suka yarda aka shiga gidajen aure.

Ka ƙirga mutum nawa na ambata. Babu digiri ɗaya da ya ƙunshi duka wannan ilimin, shi ya sa ake tara su a kan ɗalibi ɗaya.

To kowanne a cikinsu me yake koyarwa?

Ya danganta da jami'a, amma galibi 'yan jiografi su ne ƙashin bayan abin a wajenmu, su ke ɗaukar yanayi da ruwan sama da taswira da hoton tauraron ɗan'adam da GIS, wato haɗa taswira da bayanai a kwamfuta. 'Yan kemistiri su ke kai ka lab ka gwada ruwa da ƙasa, ka san me ake nufi da ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyom, wanda ke fitowa daga ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Masana halittu da gandun daji suna kan bishiyoyi da tsuntsaye da kifi, masana ƙasar noma suna kan taki da zaizaya. Lauya zai ɗauke ku dokoki, kuma kada ka raina kwas ɗinsa, don a nan za ka ji yadda aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, aka yi dokar tantance illar aiki ga muhalli wato EIA a 1992, daga baya hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA ta zo a 2007, sai dokar sauyin yanayi a 2021. Yawancin waɗanda muka gama tare da suka samu aiki mai ɗan maiƙo, a kan EIA ɗin nan suka samu. Sai masu tattalin arziki da sosiyoloji da tsara birane da lafiyar al'umma, su ma kowa da kwas ɗaya ko biyu.

Na ga an rubuta Faculty of Environmental Sciences amma da na shiga sai na tarar da zanen gine-gine da kwantiti. Ina muhallin?

Nan mutane da yawa suke yin kuskure wajen cike fom. A jami'o'in Najeriya sunan nan yawanci yana nufin kwasa-kwasan gini da filaye, zanen gini, tsara birane, kula da gidaje da filaye, awon ƙasa, ƙididdigar kayan gini. A ABU Zariya ma tsangayar Environmental Design har da zane-zanen fasaha a cikinta. Abin da kai kake nema, wato kula da ruwa da ƙasa da shara da hamada, sunan kwas ɗin zaka duba, kamar Environmental Management da ake yi a BUK da jami'ar jihar Kaduna, ko Environmental Management Technology a ATBU Bauchi. Wasu kuma ta jiografi ko gandun daji suke shiga su ƙware a digiri na biyu. A Nijar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta haɗa aikin gona da kimiyyar muhalli a tsangaya ɗaya. Ka buɗe littafin JAMB na shekarar ka duba sharuɗɗan kowace jami'a da idonka, kiredit biyar har da Turanci da lissafi kam dole ne, sauran darussan kuma suna bambanta.

Wannan ba shi ne aikin duba-gari ba?

A'a, 'yan uwan juna ne dai. Duba-gari fannin lafiyar muhalli ne, suna da makarantunsu irin School of Hygiene ta Kano da majalisar da ke ba su lasisi. Kuna haɗuwa a kan shara da ruwan sha da magudanai, amma takardarku daban.

Ni ɗan sayans ne, lab nake so. Me zan yi da lakcar sosiyoloji da tarihi?

Wallahi nima haka na ce a aji biyu, har sai da aka kai mu fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Malamai biyu ne suka raka mu, ɗaya masanin ruwa, ɗaya malama ce 'yar sosiyoloji. Da safe malamin ruwa ya tsayar da mu a bakin wata mashiga da kachalla ta cinye, ciyawar nan ta fi tsayin mutum, ta yi duhu, ba ka ganin ruwan sai dai ka ji shi a ƙafarka, ya yi mana bayani tiryan-tiryan, cewa da can kogin ambaliya yake yi da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, amma da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 sai ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ita kuma kachalla abin da take so kenan, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa ya cinye gonaki, wasu kuma ya daina isa gare su. Muka rubuta, muka ɗibi ruwa a kwalabe, ni a raina an gama aiki.

Bayan azahar malamar ta ce kowa ya ajiye littafinsa a mota. Ta shimfiɗa mu a gindin wata tsamiya tare da dattawan garin, ta gaisa da su gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali da gajiya da ruwa, sannan ta yi shiru. Wani tsoho masunci hannunsa duk sawun yankan ciyawa ya fara magana, ya ce su sun sha yin gayya su yanke kachalla a mashigarsu, amma in garin da ke sama da su bai yanke tasa ba, wata biyu ta dawo, kuma garin na sama ba sa so su yanke don in ruwan ya wuce da sauri shinkafarsu ce za ta bushe. Wani ya ce ga jan-baki da ke kwana cikin ciyawar su sauko gonar shinkafa da asuba kamar hadari. Wani Bafulatani da ke gefe ya ce shi kuma burtalin da kakansa ke bi ya kai shanu mashaya yanzu rabi ruwa rabi gona. A wannan zaman na gane cewa kwalaben da ke jakata ba za su gaya min wa zai yarda ya yanke ciyawa ba, wa zai biya, wa zai yi asara. Malamar a hanyar dawowa abu ɗaya ta ce mu rubuta, wa ya yi magana a zaman nan, wa kuma ba a ji muryarsa ba. Sai a lokacin muka lura ba mace ko ɗaya a wurin, alhali su ke sarrafa kifin su ke ɗibar ruwan.

Ka duba Maraɗi da Damagaram ma. Sassabin zamani, wato manomi ya bar kututturen bishiya ya tofo a gonarsa ya rage rassan ya bar masu ƙarfi, dabara ce mai sauƙi da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi tun 1983, yanzu ana kiyasin ta farfaɗo da bishiyoyi a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, gawo da sauransu. Ilimin bishiyar ba shi da wuya. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya samu tabbacin cewa bishiyar da ya raina tasa ce, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara ba in ya sare reshe. Wannan maganar doka ce da mallaka, kuma a ajin da kake son gudu ake koyar da ita.

Malaman ba sa saɓa wa juna? Wani ya ce kaza wani ya ce ba haka ba, wa zan bi a jarrabawa?

Suna saɓawa sosai, kuma ni a ganina nan ne karatun ya fi daɗi. Misali maganar yawan jama'a. Wani malamin zai ce maka mutane sun yi yawa shi ya sa ƙasa ta gaji hamada take kwararowa. Wani kuma zai kawo maka aikin marigayi Farfesa Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin jiografi da ya koyar a ABU daga 1962 sannan ya koma BUK a 1979, wanda ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan kewayen Kano da kuma Dagaceri, ya nuna cewa a karkarar Kano inda jama'a suka fi cunkoso manoma sun riƙe ƙarfin ƙasarsu shekara da shekaru da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa gona, ga bishiyoyi cikin gonaki ana kula da su. Ko Tafkin Chadi, za ka ji an ce ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙafe ya koma ɗan kaɗan bayan farin shekarun 1970 da na 1980, gaskiya ne, amma masu nazarin hoton tauraron ɗan'adam za su ƙara maka da cewa bai ci gaba da ƙafewa a miƙe ba, yana ƙaruwa yana raguwa, wani ruwan ma yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi.

A jarrabawa ka ba kowane malami abin da ya koyar, ka nuna ka fahimce shi, in akwai wuri ka kawo ɗaya ra'ayin cikin ladabi tare da hujjarsa. Malamin kirki maki zai ƙara maka. Akwai wanda ba ya son haka, za ka gane shi tun makon farko, shi kam ka ba shi nasa kawai ka wuce.

Gaskiya tsakani da Allah, tsarin nan ba shi da matsala?

Yana da ita, kuma ba zan ɓoye ba don abin yana ci min rai. Ta farko, sau da yawa malaman ba sa zama tare su tsara abin da kowa zai koyar. A shekara ɗaya malamai uku suka koya mana ma'anar kwararowar hamada, kowa daga farko, amma ba wanda ya koya mana yadda ake rubuta rahoton EIA daga bango zuwa bango, sai da na fita aiki na koya a hannun wani ogana. Ta biyu, malamin da aka aro daga wata tsangaya yana da nasa ɗaliban da nasa nauyin a can, ku ƙari ne a kansa, sai a sa muku lakca ƙarfe biyar na yamma ko a haɗa ta sati uku a yini ɗaya. Ba koyaushe laifinsa ba ne, don wajen ƙarin girma takardun da ya wallafa a ainihin fanninsa ake fi dubawa, to wanda ya ɓata shekara biyu yana aiki da mutanen wani fanni yakan ga sa'o'insa sun wuce shi. Ta uku kuɗin fita fili, wanda shi ne ran karatun, sau da yawa ɗalibai ke karo-karo su ɗauki mota. Ni furojet ɗina ma a kan ruwan rijiyoyin wata unguwa na yi, injin gwajin ƙarafa na makarantarmu ya lalace semesta guda cur, sai da na kai samfur wani gari na biya da kuɗin aljihuna.

Inda abin ya fi tafiya daidai shi ne cibiyoyin bincike, saboda a can aiki ɗaya ne ke tara su, kamar cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa ta BUK wato CDA da aka kafa a 2012, ko cibiyar nazarin yankunan fari ta jami'ar Maiduguri, ko cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET a Yamai. In ka samu hanyar raɓar irin waɗannan wuraren tun kana ɗalibi, ko da ɗaukar jakar malam ne zuwa fili, ka raɓa.

Malam, 'yata ce aka ba wannan kwas ɗin, ni kuma likita na so ta zama. In ta gama aikin me za ta yi? Kada ta fito ta san komai kaɗan-kaɗan ba ta iya komai ba.

Baba, tsoron nan naka yana kan hanya, kuma shi ne babban haɗarin karatun. Wanda ya bi lakcoci kawai ya haddace ya zubar a jarrabawa zai fito da baki ba hannu. Maganinsa tun daga aji biyu ta zaɓi abu ɗaya da za ta iya da hannunta sosai, ko GIS da taswira a kwamfuta, ko gwajin ruwa da ƙasa a lab, ko tattara bayanai daga jama'a da lissafinsu, sannan sauran kwasa-kwasan su zame mata faɗin gani. In lokacin SIWES ya zo, wato watannin da ake tura ɗalibai koyon aiki a waje, kada a nema mata ofishin da za ta zauna tana sa hannu a rajista, a nema mata inda ake fita.

Wuraren aiki akwai ma'aikatun muhalli na jihohi da na tarayya, NESREA, hukumar hasashen yanayi NiMet, hukumomin raya kogunan ruwa, hukumar yaƙi da hamada ta Great Green Wall da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada, shirin farfaɗo da ƙasa wato ACReSAL na Bankin Duniya a jihohin Arewa 19 da Abuja, kamfanonin da ke rubuta EIA, masana'antu, da ƙungiyoyin agaji. Ba zan ce maka aiki na jiran kowa ba, ka san ƙasar. Amma mace a fannin nan tana da wata dama da mu maza ba mu da ita, ita ke iya shiga cikin gida ta zauna da matan aure ta ga inda ake ajiye ruwa da irin icen da ake girki da shi, kuma duk aikin da aka yi ba tare da wannan bayanin ba rabi ne. Bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, ba na jin akwai wanda zai ce ba a buƙatar masu wannan ilimin. Allah ya yi mata albarka ya sa ta fi mu.

Akwai wurin addini a karatun, ko duk na Turawa ne?

Akwai, sai dai ba kowace jami'a ke sa shi a manhaja ba, kuma ina ganin asara ce. A fiƙihu akwai babin hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, kamar Naƙi'u kusa da Madina a zamanin Annabi (SAW), akwai haramin rijiya da kogi da ba a yarda a yi gini ko ƙazanta a cikinsa ba, akwai hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito cewa in alƙiyama za ta tsaya alhali akwai dashe a hannun ɗayanku to ya dasa shi. Na taɓa ganin an gayyato malamin nazarin addinin Musulunci ya yi mana awa biyu a kan wannan, ajin ya cika har da 'yan wasu dipatmen. Kuma a aikace, in ka je ƙauye da maganar dashen bishiya ko hana bahaya a bakin rafi, huɗubar liman ɗaya ta Juma'a tana isa inda takardarka ba za ta isa ba. Abokan karatunmu Kirista su ma suna da nasu nassosin a kan amanar ƙasa, mun sha tattaunawa a kai.

Ni kemistiri na karanta, zan iya zama malamin muhalli nan gaba?

Ƙwarai kuwa, yawancin manyan fannin haka suka shigo. Wangari Maathai ta Kenya malama ce a sashen ilimin jikin dabbobi na jami'ar Nairobi kafin ta kafa ƙungiyar dashen bishiyoyi a 1977, ta samu kyautar Nobel a 2004. Elinor Ostrom ta Amurka kimiyyar siyasa ta karanta, aikinta a kan yadda jama'a ke tafiyar da kiwo da kamun kifi da ruwan ban-ruwa na tarayya ya kai ta ga Nobel a 2009. Ka riƙe kemistirinka da kyau, ka yi digiri na biyu da na uku a kan matsalar muhalli ta gaske, ka koyi sauraron waɗanda ba yarenku ɗaya a ilimi ba.

Wane malami zan nema ya duba min furojet?

Ka fara da tambayar da kake son amsawa, sannan ka nemi malamin. In tambayarka ita ce me ke cikin ruwan Jakara, kogin da ke kwashe ƙazamin ruwan birnin Kano, da ake ban-ruwan latas da kabeji da shi, ɗan kemistiri ko masanin ƙasar noma kake buƙata. In kuma tambayar ita ce me ya sa manoman ke ci gaba da amfani da ruwan alhali sun san daga ina yake, wannan na ɗan sosiyoloji ne ko tattalin arziki. In dipatmen ɗinku na yarda da malamai biyu, ka roƙa a haɗa maka, amma ka tabbata su biyun suna ga-maciji da juna, ka kuma sa su amince da tsarin aikin a rubuce tun kafin ka fara, don kada ɗaya ya ce ka ƙara samfur ɗaya ya ce ka ƙara hira kai kana tsakiya lokaci na tafiya.

Kafin ka zaɓa ka tambayi 'yan ajin da suka gabace ka abu uku, malam yana karanta abin da aka kai masa, yana samuwa a ofis, kuma ya taɓa bin ɗalibinsa zuwa fili ko sau ɗaya. Sannan ranar da za ka je wurinsa kada ka je hannu rabbana, ka rubuta shafi ɗaya, ga wurin da zan yi aikin, ga abin da zan auna ko zan tambaya, ga watan da zan fita, ga abin da nake ganin zai ci na kuɗi. In damina aikinka ke buƙata ka lissafa da kyau, don in ta wuce ka sai wata shekarar.